Friendship Bench

Friendship Bench shiri ne na sauraro da ba da shawara ga masu fama da damuwa da baƙin ciki, wanda likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda ya kafa a Harare, babban birnin Zimbabuwe, a 2006. Ana horar da dattijan mata na unguwa, wato kakanni, su zauna a benci na katako cikin harabar asibiti. Wanda aka yi wa rasuwa ko aure ya mutu masa sai ya zo ya zauna gefensu, ya fayyace abin da ke ci masa rai, su zaɓi matsala ɗaya su nemi mafitarta tare, yawanci a zama 6.

Wasu na cewa lafiyar ƙwaƙwalwa ba aikin kaka ba ne, kuma gaskiya ne kaka ba ta rubuta magani. Amma a gwajin da mujallar JAMA ta buga a 2016, bayan wata 6 kusan kashi 14 cikin 100 na waɗanda suka zauna a bencin ne ke da alamun ciwon damuwa, alhali a rukunin waɗanda ba su zauna a bencin ba kusan rabi ne. Wanda ke tunanin kashe kansa kuwa, miƙa shi kakannin suke yi ga ƙwararru, waɗanda ƙasar ke da ƙarancinsu matuƙa.