Nazari a Kan Koren Ƙwaro Mai Wari da Ɓarnarsa a Gonar Wake

Ɓarnar ƙwarin da ke cin ganye a fili take, manomi yana hango ta tun daga bakin gona. Ta masu tsotso kuwa ba ta bayyana sai ranar sussuka, sa'ad da aka fasa kwasfa aka tarar ƙwayar wake ta motse, ko ta yi tabo, ko babu ita gaba ɗaya. Cikin masu wannan ɓoyayyar ɓarna akwai koren ƙwaro mai wari da masana ke kira Nezara viridula. Masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Linniyas, shi ya fara bayyana shi a rubuce a 1758, ya kuma sa shi gida ɗaya da kuɗin cizo. Daga baya an raba musu gida, amma dangantakar tana nan: bakinsu iri ɗaya ne, na huda da tsotso, kuma kowannensu yana sakin wari idan an taɓa shi.

Babban ƙwaron tsawonsa milimita 12 zuwa 15 ne, kore shar, mai siffar garkuwa. A gadon bayansa, daidai inda fukafukai suka soma, akwai ɗige-ɗige farare uku zuwa biyar a jere, kuma da su ake bambanta shi da sauran korayen danginsa. Bakin yana naɗe a ƙarƙashin ƙirji, sai zai ci yake miƙe shi. Yakan soke kwasfar, ya zuba yawun da ke narkar da cikin ƙwaya, sannan ya tsotse. Ramin da ya bari ƙofa ce ga cututtuka. Warin kuma daga wasu kafofi yake fitowa a gefen ƙirji, makami ne na korar magabta.

Ana kyautata zaton asalinsa yankin Habasha ne, amma yau yana ko'ina a ƙasashe masu ɗumi, daga Barazil zuwa Japan. Yana cin tsirrai na dangi fiye da 30, har da auduga da kuɓewa da tumatir, sai dai ya fi ƙaunar wake da waken soya lokacin da suke ɗura ƙwaya. A Afirka ta Yamma yana cikin rukunin masu tsotson kwasfa da cibiyar binciken noma ta IITA ta daɗe tana nazari a kansu, ko da yake wani ɗan'uwansa, Clavigralla tomentosicollis, ya fi shi ta'adi a gonar wake. A ƙasashen da ake yin lokacin sanyi, manyan sukan rikiɗe su koma ja-ja, su ɓuya a ƙarƙashin ɓawon itace da busasshen ganye har sanyi ya wuce.

A ganina, abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne farkon rayuwarsa, domin nan rauninsa yake. Macen tana zuba ƙwai 30 zuwa 130 wuri ɗaya a bayan ganye, layi-layi, manne da juna, kowanne da ɗan murfi a samansa. Da farko launinsu fari-fari ne mai ratsin rawaya, idan ƙyanƙyasa ta matso sai su yi ja. Da zafi, kwana biyar ya isa. 'Ya'yan da suka fito ba sa watsewa, ba sa kuma taɓa shuka. Sukan cure a kan ɓawon ƙwan na 'yan kwanaki, suna lasar wasu ƙwayoyin halitta da uwar ta shafa masa, waɗanda za su zauna a hanjinsu su taimaka musu da abinci. Ke nan ganye ɗaya yana iya ɗauke da ƙwari ɗari da ba su yi ɓarnar komai ba tukuna, kuma tsinke shi ya wadatar.

Saɓa biyar suke yi kafin su balaga. Bayan ta farko sukan zama baƙaƙe masu ɗigon fari da ja da rawaya, ba fukafukai, har wanda bai sani ba ya ɗauka wani ƙwaro ne dabam. Kore yana shigowa ne a matakan ƙarshe. Daga ƙwai zuwa balaga kamar mako biyar ne idan akwai ɗumi, don haka a shekara guda ana iya samun zuriya huɗu. Wajen neman juna ma suna da tasu hanya: namiji da mace suna girgiza ciki, girgizar ta bi karan shuka, namijin ya bi ta har ya iske macen. Masana a Suloveniya sun yi shekaru suna naɗar wannan kira da na'ura.

Babban magabcinsa wani ɗan mitsitsin zanzaro ne, Trissolcus basalis, mai saka ƙwansa a cikin ƙwan ƙwaron. A 1933 an ɗauke shi daga Masar aka kai Ostareliya musamman don wannan aiki. Ƙwan da ya shiga yakan koma baƙi, kuma zanzaro ne zai fito daga ciki. Abin damuwa shi ne feshin maganin ƙwari da ake yi barkatai tun wake bai yi fure ba yana kashe wannan mataimaki, alhali babban ƙwaron mai fukafukai ne, zai sake shigowa daga ciyayin gefen gona. Ya kamata malaman gona su koya wa manoma juya ganye da zarar kwasfa ta fara fitowa: ƙwai masu haske ko ja a murƙushe su, baƙaƙen a bar su a inda suke.