Ƙarar da Ke Shiga Sautin Kwamfuta: Dalilanta da Maganinta

Idan ka haɗa abin sauraro na kunne ko lasifika da kwamfutar tafi-da-gidanka, wani lokaci za ka ji ƙara tana bin muryar mai magana. Hakan yana iya faruwa a ajin yaƙi da jahilci ko a taron ƙungiya, a Tasawa, Mayahi da ƙauyukansu. Kada ka yi gaggawar zuwa wurin mai gyara. Fara sauraron irin ƙarar, domin kowace da dalilinta.

Sauti yana fita ta wani ɗan rami a gefen kwamfuta, wanda ake soka bakin waya mai kaurin milimita 3.5 a cikinsa. Wutar da ke ɗauke da sautin ba ta da ƙarfi, shi ya sa ƙaramin abu yake dagula ta.

1. Ƙugi mai kauri

Wutar kamfanin NIGELEC tana kai da komowa sau 50 a kowace daƙiƙa, kuma takan bi ta caja ta shiga sauti. Haka ma wutar janareta. Cire cajar ka saurara. Idan ƙugin ya ɗauke, yi aiki da batir, ko ka jona kwamfuta da lasifika a soket ɗaya. Kada ka yanke wayar da ke sauke wuta ƙasa, domin ita ce ke kare ka daga jan lantarki.

2. Ƙara mai kama da hucin iska

Wannan daga cikin na'ura take fitowa. Idan da lasifika kake aiki, ƙara sautin kwamfuta, ka rage na lasifika. Idan ba ta daina ba, nemi ɗan abin sauti da ake sokawa a ramin USB.

3. Ƙara mai tsinkewa, tit-tit-tit

Wayar salula ce ke jawo ta, musamman idan kira zai shigo. Nisanta wayar daga kwamfuta da lasifika.

4. Ƙara mai kama da karce

Idan tana ƙaruwa lokacin da ka motsa bakin wayar, to ƙura ce ta shiga ramin, ko wayar ta fara tsinkewa. Ƙura ta fi yawa da hunturu. Kashe kwamfutar, ka share ramin da busasshen buroshi mai laushi. Kada ka sa ruwa ko ƙusa.

Kiyaye kunnenka

Mutane sukan ƙure sauti domin su danne ƙara. Wannan yana lalata ji sannu a hankali, kuma jin da ya lalace ta haka ba ya dawowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sauti ya wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin na'ura. Saboda haka ka kawar da ƙarar daga tushenta. Idan ka gwada duk waɗannan ba ta daina ba, sai ka kai wa mai gyara.