Yadda Kuɗin Tsunami Suka Iso Ƙasar Damagaram

Daga Kurni zuwa bakin teku sai an ratsa Najeriya tun daga kanta har ƙafarta, tafiyar da ta haura kilomita 1,000 a mota. Yawancin dattawan wannan yanki na Matamaye ruwa mafi girma da suka taɓa gani shi ne tabkin da damina ke cikawa. Duk da haka, yadda ake jinyar yaro mai tamowa a likitocin ƙauyukan Kance da Magarya da Mirriya a yau yana da jiɓi da wata ambaliyar teku da ta auku a can gabashin duniya.

Ranar 26 ga Disamban 2004 ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin teku kusa da tsibirin Sumatra na Indonesiya. Igiyar ruwan da ta biyo baya, wadda ake kira tsunami, ta hallaka mutum kusan 230,000 a ƙasashe 14, mafi yawansu a lardin Aceh, kuma ta kai har gaɓar Somaliya. Abin ya faɗo a ranakun hutun Kirsimeti, akwai Turawa ƴan yawon buɗe ido a bakin tekun Tailan, kuma da yawansu suna riƙe da kyamara. Duniya ta ga masifar da idonta a talabijin, hannu kuwa ya sake. Kafin a gama lissafi an yi alkawarin fiye da dala biliyan 13. Ƴan sa-kai suka yi ta kwarara zuwa Aceh da Siri Lanka, wasu gwanaye, wasu kuwa ba su da komai sai kyakkyawar niyya. An aika rigunan sanyi ƙasar da ba ta san hunturu ba, an aika magungunan da wa'adinsu ya wuce. Babban binciken da ƙungiyoyin agajin suka yi wa kansu a 2006 ya nuna cewa mafi yawan waɗanda suka tsira, maƙwabta da dangi ne suka tsamo su tun kafin jirgin baƙo na farko ya sauka.

A farkon Janairun 2005 ƙungiyar likitocin nan ta MSF, wadda gidajen rediyo ke yi wa kirari da na-gari-na-kowa, ta yi abin da ba a saba gani ba. Ta ce wa jama'a su daina aiko mata kuɗi da sunan tsunami, abin da ta samu ya wuce aikin da za ta iya yi a can. Sauran ƙungiyoyi suka yi mata ca, suna cewa za ta kashe wa masu bayarwa gwiwa. Kuɗin bai daina shigowa ba, har ya kai kusan yuro miliyan 110, alhali abin da ta kashe kan tsunami a shekarar bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Sai ta bi masu bayarwar tana neman izinin karkatar da ragowar zuwa wasu wuraren. Kaɗan ne ƙwarai suka ce a mayar musu da abinsu. Nijar na cikin wuraren da suka fi cin wannan ragowar.

Domin a daidai lokacin da ruwa ke cin Aceh, rumbuna sun fara ƙarewa a nan. Daminar 2004 ta ɗauke da wuri, fara kuma ta sauka a arewacin ƙasar. A watan Nuwamba gwamnati ta nemi taimakon abinci, kusan ba wanda ya kula. Giɓin hatsin bai kai na manyan shekarun yunwa na baya ba. Ba za a haɗa shi da yunwar Kakalaba ta 1914 ko El Buhari ta 1984 ba. Farashi ne ya yi ɓarnar. Buhun hatsi mai kilo 100 da ake saye wajen jika 10 a kaka ya doshi jika 30 kafin Yuli, domin kasuwannin Najeriya ma suna neman hatsi, kuma ɗan kasuwa inda kuɗi ya fi yake kai kayansa. Ga hatsi jibge a kasuwa, ga mai iyali ba shi da kuɗin tiya. Akuyar da za a sayar ta rame, kuɗinta ya faɗi. Maza suka tsallaka Daura da Kano cin rani, mata suka koma ga tafasa da jiga da anza. A cikin wannan hali ne kuma aka ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari kan fulawa da madara da sukari a farkon 2005, har sai da ƙawancen yaƙi da tsadar rayuwa ya rufe kasuwannin Yamai da Maraɗi da Damagaram a watan Maris kafin gwamnati ta sassauta.

Abin da ya ruɗe masana shi ne inda yaran suka fi mutuwa. Taswirar da hukumomi ke aiki da ita tana nuna haɗari a arewa, inda amfanin gona ya lalace. Amma yaran da ake kawowa fata da ƙashi daga kudu suke fitowa, daga Madarumfa da Gidan Rumji da Magarya, wato daga rumbun ƙasar. Wanda ya san Kance bai yi mamaki ba. Jama'a ta yi yawa, gona ana ta raba ta gado bayan gado har ta koma ɗan fegi, talaka yana cin bashin hatsi da bazara ya biya ninki da kaka, sannan zazzaɓin cizon sauro ya zo ya tarar da yaron da aka yaye kan fura ba nono. A irin wannan gida kowace shekara 2005 ce, sai dai ba a zo an ƙirga ba.

Gwamnati da manyan masu ba ta tallafi sun tsaya kan sayar da hatsi a farashi mai rahusa, suna gudun kada rabon kyauta ya lalata kasuwa. Wanda ba shi da ko dala kuwa rahusa ba ta amfane shi da komai ba. A watan Mayu Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi dala miliyan 16, ɗan abin da bai kai cikin cokali ba in aka kwatanta da na tsunami, amma aka yi makonni shiru. Sai a Yuli, da BBC ta nuna hotunan yaran Maraɗi, kuɗi suka fara motsi, kuma kafin Agusta abin da ake nema ya haura miliyan 80. A watan ne aka fara rabon kyauta, babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya Kofi Annan ya zo Damagaram ya duba yaran da idonsa, Shugaba Mamadu Tanja kuwa ya shaida wa ƴan jarida cewa babu yunwa a ƙasarsa, yana zargin ƙungiyoyin agaji da kambama lamarin don neman kuɗi.

MSF ba ta jira hoton talabijin ba, saboda kuɗinta na hannu. Tana Maraɗi tun 2001, kuma tana da wani makami da bai daɗe da fitowa ba. A 1996 wani likitan Faransa, André Briend, da kamfanin Nutriset suka haɗa wani tunkuzan gyaɗa mai madarar gari da sukari da mai da sinadaran gina jiki, suka sa masa suna Plumpy'Nut. Kafin zuwansa, yaro mai tamowa mai tsanani sai an kwantar da shi wajen wata guda ana ba shi madarar da ake damawa da ruwa mai tsabta, uwa kuma ta bar gona da sauran ƴaƴa a tsakiyar damina. Gadaje nawa za su ishi ƙasa guda? Sabon abin kuwa ƴar leda ce mai nauyin giram 92, ba a dafawa, ba a sa ruwa, ba ya lalacewa da zafi. A yage kusurwa, a matsa, yaro ya tsotsa.

Ranar awo a ƙauye kusan iri ɗaya ce tun daga lokacin har yau. Mata su yi layi a inuwa tun da safe, kowace da goyo da katinta. A ɗaura wa yaro ɗan tsiri mai launi uku a damtse. In ya tsaya kan ja, an san inda aka dosa. A danna bayan ƙafarsa da yatsa a ga ko kumburi zai bar rami. A saka shi cikin wandon sikeli a rataye, yana tsala ihu. Sai a miƙa masa leda guda a zuba ido. In ya ci, uwa ta karɓi na mako ta koma gida. In ya kau da kai, ko yana zazzaɓi da gudawa, shi ne na kwanciya a babban asibiti. Da wannan tsari MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 a Nijar a 2005 kaɗai, adadin da ƙungiyar ba ta taɓa kaiwa ba a ko'ina, kuma mafi yawansu ba su kwana a asibiti ba. Shekara biyu bayan haka hukumomin lafiya da na yara na Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince da jinyar gida a matsayin hanyar da duniya za ta bi.

Akwai abin takaici a nan ga ɗan Matamaye. Wannan ƙasa gyaɗa ce ta gina ta. Har masana'antar matse mai an yi a garin, kafin fari da cutar gyaɗa na shekarun 1970 su karya noman. Sai ga gyaɗa ta dawo cikin kwali daga Faransa a matsayin magani. An ɗan rage kunyar da kamfanin STA ya fara yin ta a Yamai.

Baƙin da suka zo a 2005 ba duka suka tafi ba. Reshen MSF na Suwizalan ya kafu a Magarya, inda sashen yara ke cika maƙil duk ƙarshen damina, Save the Children kuma ta daɗe tana aiki a yankin Matamaye. A 2006 gwamnati ta ayyana jinya kyauta ga yara ƴan ƙasa da shekara biyar, ko da yake biyan likitoci kuɗin da suka kashe ya yi ta jinkiri. A wannan shekarar ce kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta buɗe asusun gaggawa da ake zuba kuɗi tun kafin masifa ta zo, kuma bambancin da aka gani tsakanin Aceh da Nijar yana cikin hujjojin da aka kafa.

Zaman dai bai yi daɗi ba. A Yulin 2008 gwamnati ta dakatar da reshen MSF na Faransa a Maraɗi, ya tattara ya bar ƙasar kafin ƙarshen shekara. A ganina wannan korar, duk da yaran da ta jefa cikin haɗari, ita ta tilasta abin da ya kamata a yi tun farko. Likitoci ƴan ƙasa da suka koyi aikin suka ɗauke shi ƙarƙashin ƙungiyoyinsu, FORSANI a Madarumfa, BEFEN a Mirriya tare da ALIMA, wadda tsofaffin ma'aikatan MSF suka kafa a 2009. A Mirriya ne aka gwada damƙa wa iyaye mata tsirin awon nan su riƙa auna ƴaƴansu a ɗaka, aka kuma tarar ba su gaza ma'aikatan da aka horar ba. Da sojoji suka kifar da Tanja a Fabrairun 2010, sabuwar gwamnatin Salu Jibo ta furta kalmar yunwa da bakinta, agajin shekarar kuma ya zo da wuri.

Yau mai awo ɗan gari ne, malamar jinya ƴar ƙasa ce, amma kuɗin kwalin har yanzu daga waje yake zuwa, akasari ta hannun UNICEF. A Nuwamban 2024 hukumomin Yamai sun soke izinin ƙungiyar Acted ta Faransa, a Fabrairun 2025 suka sallami Kwamitin Red Cross na Duniya, a shekarar kuma Amurka ta datse kaso mai yawa na tallafin da take bai wa ƙasashen waje.