Mai Fili da Mai Tuƙi: Tseren Motoci, Ƙwallon Dawaki da Gadon Iko a Kano

A duk wasan da sai da dukiya ake shigarsa, iko yana taruwa ne a hannun wanda ya mallaki fili, ya tsara doka, ya ajiye kofi, ko da bai taɓa cin gasa ba. Tarihin tseren motoci na Formula 1 ya tabbatar da haka. Kano ba ta da filin irin wannan tsere, amma tana da ƙwallon dawaki, wanda ya bi hanya kusan iri ɗaya, kuma kuɗin da suka raine shi a harkar ciniki ta Fagge da kewayen tashar jirgin ƙasa aka tara su.

A Formula 1, Bernie Ecclestone ya gwada tuƙi bai yi nisa ba. A farkon shekarun 1970 ya sayi ƙungiyar Brabham, ya haɗa kan masu ƙungiyoyi, har yarjejeniyar Concorde ta 1981 ta ba su damar cinikin nuna tseren a talabijin. Sannu a hankali cinikin ya koma hannunsa, daga baya hukumar FIA mai kula da tseren ta ba kamfaninsa hayar harkar kasuwancin gasar ta shekara 100. Sai a 2017, da Liberty Media ta Amurka ta sayi kamfanin, ya sauka. A gefe guda kuma akwai Yarima Malik Ado Ibrahim, ɗan gidan sarautar Ebira, wanda ya shiga ƙungiyar Arrows da hannun jari a 1999, kakar ba ta ƙare ba ya fita. Shiga ya samu, amma ba ya cikin masu rubuta doka, kuma bai daɗe ba balle ya yi saiwa.

A Kano daɗewar nan ce ta yi aiki. Fagge tsohon zango ne na ayarin Azbinawa da Larabawa a bayan ganuwa. Da jirgin ƙasa ya iso a 1911, kamfanonin Turawa da Kwarori suka kafa kantuna a wannan yanki, aka kuma yanka Sabon Gari wajen 1913 domin baƙi 'yan Kudu, akawuna da masu sana'ar hannu. Gyaɗa ta zama kuɗi. Alhassan Ɗantata, wanda ya fara da fataucin goro zuwa Gwanja, ya zama babban mai sayen gyaɗa ga kamfanin Neja, kuma kafin rasuwarsa a 1955 ana lissafa shi a matsayin attajirin da ya fi kowa a Afirka ta Yamma.

Ƙwallon dawaki a lokacin wasan hafsoshin Turawa ne. Sarakuna aka fara buɗe wa ƙofa: Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya rungumi wasan, ɗansa Usman Nagogo ya yi fice a cikinsa. 'Yan kasuwa sai daga baya. Abin lura shi ne yadda suka shiga. A gidan Ɗantata, kakan ya tara jari, 'ya'ya suka faɗaɗa shi zuwa sufuri da kwangila, jikoki suka hau doki. Yau a gasar Kano ana fafatawa a kan Kofin Ɗantata, a filin da ke ɗauke da sunan Usman Ɗantata. Suna a jikin kofi yana sabunta kansa kowace shekara, yana kuma zaunar da gwamna, da shugaban banki, da basarake a rumfa ɗaya, inda ake ƙulla abin da ba a ƙulla shi a ofis.

Za a iya cewa ba don aljihun waɗannan gidaje ba da wasan ya mutu, domin ɗan wasa ɗaya yana buƙatar dawaki da yawa, da ciyarwa, da magani. Gaskiya ne, kuma ban raina wannan hidima ba. Amma tsadar ita ce ƙofa, mai biyanta kuma shi ke riƙe da mabuɗi. Yaran da ke kula da dawakin sun fi kowa sanin halinsu, wasu sun iya hawa ƙwarai, sai dai da wuya su kai ga teburin da ake yanke shawara.

Wannan ne ya fi damuna game da mota. A Sabon Gari da Fagge akwai makanikai da masu sayar da kayan gyara da suka san inji ciki da bai, da matasa masu hannu a sitiyari waɗanda ba su da wurin gwada kansu sai titi, inda wasan mota ke jefa rayukan jama'a cikin haɗari. Idan wata rana aka gina filin tsere a Kano, takardar mallakar filin da tsarin mulkin kulob ɗin su za su fayyace wanda zai yi iko shekaru masu yawa. Ya kamata gwamnatin jiha ta riƙe filin da sunan jama'a, ta ƙayyade kuɗin shiga, ta kuma ware wa ƙungiyoyin makanikai da direbobi kujeru masu ƙuri'a tun kafin a zuba kwalta.