Kalmomi Ma Suna Tsufa

Ƴan uwa ɗalibai, a shekarata ta biyu a jami'a, muna karatun tarihin harshen Ingilishi, malaminmu ya rubuta hlafweard a allo, ya ce wa ya san ta? Aji ya yi tsit. Sai ya ce ai ita ce lord, kalmar da ake kiran manyan sarautar Ingila da ita. Hlaf burodi ne, weard kuwa mai tsaro, wato mai tsaron burodi. Lady ita ma daga hlæfdige ta fito, mai kwaɓa burodi. Wallahi sai da na yi dariya, don maigida da uwargida na tuna: wanda ke riƙe da rumbu da wadda ke riƙe da tukunya. Ashe daga abinci girman ya faro.

Tun daga ranar na shiga tonon ƙamus. Na tarar a tsohon Ingilishi mete, wadda ta zama meat, kowane irin abinci take nufi, ba nama kaɗai ba. Deor, wadda ta zama deer, kowace dabbar daji ce, daga baya ta tsaya kan dangin barewa. Girl kuwa yaro ne ƙarami, mace ko namiji. Wadda ta fi ba ni mamaki ita ce nice. Daga Latin nescius ta taso, wanda bai sani ba, ta bi ta Faransanci ta shiga Ingilishi wajen shekarar 1300 da ma'anar wawa. Yau yabo ce.

Me ya kawo Faransanci a ciki? A ranar 14 ga Oktoba 1066 William na Normandi ya ci Turawan Ingila da yaƙi a Hastings. Fada da kotu suka koma Faransanci, talaka ya ci gaba da harshensa. Sai a 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa shari'a da Ingilishi. Sawun wannan zamani yana nan har yau. Dabba in tana garke sunanta cow, ko sheep, ko calf, duk tsohon Ingilishi. In ta zama nama a akushi sai ta koma beef, mutton, veal. Mu da muka yi lakwal da Faransanci ba sai an fassara mana ba: bœuf, mouton, veau.

Ga wata kuma da ta fi kusa da mu. Ingila ta sake tsarin kuɗinta a 1971, Nijeriya ta koma naira a 1973, shilling da sixpence suka bar kasuwa. Amma sule da sisi suna nan a bakin Bahaushe. In ka ce wa aboki a Maraɗi "ko sisi ba ni da shi", ya gane sarai, alhali bai taɓa riƙe sisi ba. Kalmar ta tsufa a gidansu, mu muka ba ta masauki.

Abin da ya sa na rubuta wannan, sau da yawa nakan ji ana yi mana gori wai Hausarmu ta Nijar gauraye ce, don muna cewa lakwal da kaye da montur. Har wasunmu kan ji kunyar magana in sun tsallaka iyaka. To, harshen da duniya ke rububin koyo a yau, shi ma ya ɗebi dubban kalmomin Faransanci, bai mutu ba. Aro ba ya kashe harshe.

Abin da ke ba ni tsoro daban ne. Turawa sun san tsohuwar ma'anar nice saboda akwai waɗanda suka rubuta ta. Mu fa? Kakata tana da kalmomin saƙa da na kaɗi da ni kaina ba na ganewa sai ta yi mini bayani. Hutun da ya wuce na zauna gabanta da kaye da bik, tana faɗa ina rubutawa, tana yi mini dariya wai boko ya rasa aikin yi. Wanda ke da tsohuwa ko tsoho a gida, don Allah wannan hutun ya tafi da nasa kayen.