Balaga: Yadda Jikin Ɗan Adam Ke Zama Namiji Ko Mace, Da Rikicin Tsargiya A Jazira

Balaga ita ce matakin da jikin yaro ko yarinya ke kaiwa ga iya haihuwa. Ba rana ɗaya take faruwa ba, tushenta tun daga cikin mahaifa ne.

Asalin jinsi

Kowace ƙwayar halittar mutum tana ɗauke da kuromosom 46, 23 daga uwa, 23 daga uba. Biyu daga cikinsu su ne na jinsi: mace tana da XX, namiji yana da XY. Ƙwan uwa kullum X yake bayarwa, maniyyin uba ne ke zuwa da X ko Y. Don haka zargin mace da cewa 'ya'ya mata kaɗai take haifa ba shi da tushe.

Har zuwa mako na 6, tayin namiji da na mace kamanninsu ɗaya. A wajen mako na 7, wani ɗan yanki da ke kan Y, wanda aka gano a Landan a 1990 ake kiransa SRY, shi ke sa 'ya'yan maraina su fara samuwa. Idan babu shi, sai gidan ƙwai ya samu. Wani lokaci wannan tsari yakan bi wata hanya, a haifi jinjiri da al'aurar da ba ta bayyana ba, wanda ake kira mata-maza, malaman fiƙihu kuma suna kiransa hunsa. Irin wannan jinjiri likita yake buƙata da wuri, ba ɓoyewa ba.

Alamomin balaga

Umarnin fara balaga daga ƙwaƙwalwa yake fitowa, sai maraina su yawaita sinadarin testosteron, gidan ƙwai kuma ya yawaita estrojin. Yarinya takan fara tsakanin shekara 8 zuwa 13: ƙirgar dangi, sannan gashin gaba, jinin haila kuma yakan zo bayan shekara 2 zuwa 3. Yaro yakan fara tsakanin 9 zuwa 14: girman maraina, gashin gaba, buɗewar murya, da mafarki. Ƙarancin abinci da doguwar jinya suna jinkirta ta.

A mazhabar Malikiyya ana tabbatar da balaga da fitar maniyyi, ko haila, ko ciki, ko tsirowar gashin gaba, ko cika shekara 18. Fitsarin jini ba ya cikin wannan lissafi, ba a fiƙihu ba, ba kuma a likitanci ba.

Tsargiya da ƙauyukan Jazira

A ƙasar Hausa da wasu sassan Afirka an daɗe ana ɗaukar jinin da yaro ke gani a ƙarshen fitsarinsa a matsayin alamar ya zama namiji. Wannan jini ciwon tsargiya ne. Ya fi kama masu shekarun makaranta, su ne masu yawan wanka a ruwa, shi ya sa yake haɗuwa da lokacin balaga har a rikita su.

Maganar ta shafi Hausawan Sudan kai tsaye. Kakanninsu sun zauna a gaɓar Bulu Nil, wasu a kan hanyar aikin Hajji, wasu kuma tare da Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe babban aikin noman auduga na Jazira, sai magudanan ruwa suka ratsa yankin, har da Hajj Abdalla da ke tsakanin Wad Madani da Sinnar. Ruwan waɗannan magudanai mai tafiya a hankali ya zama gidan dodon koɗin da tsutsar tsargiya ke girma a cikinsa. Yaɗuwar ciwon na cikin dalilan kafa shirin lafiya na Bulu Nil a 1979.

Likitan Jamus Theodor Bilharz ne ya gano tsutsar a Alƙahira a 1851. Ita ma tana da namiji da mace, macen tana kwance a wani kwari da ke jikin namijin. 'Ya'yanta suna huda fatar mai wanka ko mai ban-ruwa, su girma a jijiyoyin jini. Ƙwayayen da take sakawa su ke raunata mafitsara jini ya fito. Akwai kuma nau'in da ke kama hanji da hanta, wanda ya yi yawa a Jazira.

Illarta ga mai tasowa

Idan ta daɗe tana jawo ƙarancin jini da tsumburewa, tana iya jinkirta balagar da ake zaton ita ce alamarta. Tana lalata ƙoda, tana kuma iya kaiwa ga sankarar mafitsara. A wajen 'yan mata tana raunata al'aura da bakin mahaifa, ta kawo zubar jinin da ake ɗauka haila ce, wani lokaci har da rashin haihuwa. Ba ta hanyar saduwa ake ɗaukarta ba, don haka bai kamata a zargi yarinyar da ta kamu da ita ba.

Ana gano ta da gwajin fitsari ko bayan gida, maganinta kuma ƙwayar praziquantel ce, wadda ake bayarwa gwargwadon nauyi ko tsayin mutum. Wanda ya warke zai iya sake kamuwa idan ya koma ruwan.

Kunya kan hana yara faɗin abin da suke gani, don haka nauyi ne a kan iyaye da malaman allo su koya musu alamomin balaga na gaskiya tun kafin su zo. Duk yaron da ya ga jini a fitsari, a kai shi asibiti. Allah Ya ba zuriyarmu lafiya.