Ɗan Akwatin Bangon Banɗaki: Daga Ramin Zinariya Zuwa Njamena

Duk shekara idan hunturu ya kama a Njamena, wajen Disamba da Janairu, tambaya guda ce ke yawaita a shirin da nake gabatarwa a rediyo: me ya sa wuta ke jan mutum idan ya taɓa bokitin da aka tsoma wa hita, ko makunnin fitilar banɗaki da jiƙaƙƙen hannu? Amsar tana cikin ɗan akwatin nan da mai gyaran wuta ke binnewa a bango, ya haɗa soket da makunni a ciki. Ƙarami ne, amma tarihinsa ya ratsa nahiyoyi uku.

Garinmu ya girmi wutarsa. A 1900 Faransawa suka kafa shi da sunan Fort-Lamy bayan yaƙin Kusiri, ya zama zangon alhazan ƙasar Hausa masu tafiya Makka ta ƙasa, a 1973 kuma aka sauya masa suna. A da wanka a bayan gida ake yinsa, da ƙwarya ko bokiti, dare ya yi a ɗauki aci-balbal. Ruwa daban, wuta daban. Da aka fara ginin siminti ne banɗaki ya shigo cikin ɗaki, famfo da waya suka zama maƙwabta. Har hukuma ɗaya ce, STEE, ta daɗe tana riƙe da ruwa da lantarki, kafin a raba ta biyu a 2010. Har yau ƙasarmu na cikin na baya a duniya wajen samun wuta, kusan mutum ɗaya cikin goma. Shi ya sa hankalinmu ya tafi ga "yaushe za a kawo?", muka bar "yaya za a tsira daga gare ta?"

Mai karatu ya lura da wani abu. Fis da ƙaramin abin yanke wuta na cikin allo ba don jikin mutum aka yi su ba, don waya aka yi su, kada ta yi zafi ta haddasa gobara. Sai wuta ta haura amfiya 16 ko 20 suke motsawa. Zuciyar ɗan Adam kuwa, abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya guda ba yana iya birkita bugunta. Fata busasshiya tana ɗan tare wuta, jiƙaƙƙiya kuwa ƙofa ce a buɗe, balle ga ƙafa ba takalmi a kan damshin siminti.

Abin da ya fi burge ni a wannan tarihi shi ne, a Afirka aka fara samo maganin da ya yi aiki sosai. A 1955 wani injiniya mai suna Henri Rubin ya ƙera na'ura don ma'aikatan ramukan zinariya na Afirka ta Kudu, waɗanda ke aiki cikin ruwa da wayoyi. Dabarar mai sauƙi ce: na'urar tana auna wutar da ta fita ta waya ɗaya da wadda ta dawo ta ɗayar. In sun yi daidai, lafiya. In an samu giɓi, to wuta ta sami wata hanya, wataƙila ta jikin mutum, sai ta yanke kafin ƙiftawar ido. Bayan wuta ta kashe wata mata a gidanta a garin masu haƙar zinariya na Stilfontein, aka sanya ɗaruruwan irin wannan na'ura a gidajen garin a 1957 da 1958. A Amurka kuma Farfesa Charles Dalziel na jami'ar Kalifoniya a Berkeley, wanda ya daɗe yana auna yawan wutar da ke hana hannu sakin waya, ya fito da tasa a 1961.

Daga nan kowace ƙasa ta bi hanyarta. Amurkawa sun cusa na'urar cikin soket ɗin kansa, mai maɓallai biyu, na gwaji da na mayarwa, suka wajabta shi a banɗaki tun 1975. Shi ya sa a can ake haɗa shi da makunnan fitila a akwati ɗaya. Turawan Ingila sun ce a raba gari: an daɗe ba a yarda da soket a banɗaki ba sai na injin aski, makunni kuwa ko a waje ko na igiya da ake ja daga sama. Faransawa sun ajiye na'urar a babban allon gida, wadda ke yankewa a miliamfiya 30, suka wajabta ta ga banɗaki a 1991, suka kuma hana soket kusa da wurin wanka ƙasa da santimita 60.

Mu kuwa a Njamena duk ukun sun haɗu a kasuwa. Ilimin masu gyaranmu na Faransa ne, wutarmu bolt 220 ce, kaya kuma suna shigowa ta gadar Ngeli daga Kamaru da Najeriya, wasu daga Dubai da Sin. Sai ka ga filogi mai ƙafa uku na tsarin Ingila an danna shi da ƙarfi a soket mai zagayen rami biyu. Launin waya ma tarko ne: baƙar waya a tsohon tsarin Ingila ita ce mai mayar da wuta, a Amurka ita ce mai kai ta, a Faransa kuma shuɗiya ce mai mayarwa. Yaron da ya koyi aiki a Maiduguri da wanda ya koya a Farsha suna iya buɗe akwati ɗaya, kowa ya karanta shi daban. In aka yi kuskure makunni ya yanke mai mayarwa, fitila za ta mutu, amma wuta na nan kwance a cikin mazaunin ƙwai tana jiran mai canza shi.

Don haka, ɗan'uwa mai gini ko mai haya, tambayoyi huɗu sun ishe ka. Shin akwai abin da masu gyaranmu ke kira diferansiyel, na miliamfiya 30, a allon gidan? Shin an kafa sandar ƙarfe a ƙasa an jawo wayarta mai launin kore da ɗorawa har banɗaki? Makunni yana yanke waya mai kai wuta? Akwatin ya yi nesa da inda ruwa ke fantsama, ko ma an fitar da shi bakin ƙofa? Kada a ruɗe ka da soket ɗin Amurka da wani ya zo da shi tsaraba, na bolt 120 ne, ba namu ba. In an saka na'urar, a riƙa danna maɓallin gwajinta lokaci zuwa lokaci, domin ƙurar garin nan ba ta bar komai ba. Hita kuwa, a zare ta daga soket kafin hannu ya shiga ruwa.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Kusan shekara saba'in ke nan da mutuwar waccan mata ta Stilfontein ta sa aka kare maƙwabtanta. Bai kamata mu jira irin wannan rashi a unguwarmu kafin mu ɗauki darasin da aka riga aka biya da rai ba. Allah ya kiyaye mu da iyalanmu.